Hanyoyin Isar da Saƙo a Ƙasar Matameye: Daga Manzon Sarki Zuwa Wayar Salula

Garin Matameye, wanda shi ne mazaunin hukumar gundumar Kance a kudu maso yammacin jihar Damagaram, yana bisa titin da ya rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Zinder a Takieta ya miƙe kudu, har ya kai bakin iyaka a Ɗan Barto, daga nan ya faɗa ƙasar Daura ta Kwangwalam ya zarce Kano. Tsakanin garin da Kano bai kai kilomita 200 ba, alhali tsakaninsa da Yamai, inda ake yanke shawarar duk abin da ya shafi waya da rediyo da wasiƙu a ƙasar Nijar, ya haura kilomita 800. Tarihin sadarwa a wannan yanki ya ginu ne a kan wannan bambanci, domin tun zuwan Turawa hukuma take shimfiɗa layukanta daga yamma zuwa gabas, tana rubuta saƙonta da Faransanci, su kuwa mutanen ƙasa yawancin saƙonninsu tsakanin kudu da arewa suke kai da komo, kuma da baki ake faɗarsu, da Hausa. Duk na'urar da ta shigo ƙasar Matameye tun farkon ƙarni na 20, karɓuwarta ta danganta ne ga yadda ta dace da inda mutane ke aika saƙo da kuma harshen da suke aikawa da shi.

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884, ƙasar Kance da maƙwabtanta suna kai gaisuwa Zinder, ko da yake aurensu da kasuwancinsu a ɗaure suke da Daura. Saƙon sarauta a lokacin yana da tsari sananne. Magatakarda, wato malamin da ke rubuta wa sarki wasiƙa, yakan rubuta ta da Larabci a gajarce, a buga mata hatimi, a ba manzo ya hau doki da ita. Amma takardar sau da yawa shaida ce kawai cewa daga fada mutumin ya fito, ainihin maganar tana cikin kansa, kuma shi zai warware ta da Hausa a gaban wanda aka aiko shi wurinsa. Saboda haka ba kowa ake aike ba, sai wanda aka san ba ya ƙari ba ya ragi. Idan umarnin na jama'a ne, kamar fitowa gyaran ganuwa ko ganin wata, sai mai shela ya zaga unguwanni da makaɗi a bayansa, ko ya tsaya tsakiyar kasuwa ran cinta. Labarin da ba na sarauta ba kuwa, irin farashin gero a Kano, ko hanyar da 'yan fashi suka tare, ko rasuwar wani ɗan'uwa a Gwanja, fatake ne ke ɗauke da shi, suna sauke shi a zango tare da kayansu. Wannan hanya tana da nisan isa fiye da yadda ake zato, domin matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zauna a Zinder daga ƙarshen 1852 yana jiran kuɗi da takardu daga Tarabulus, kuma saƙon kuɗin ya riske shi a can a watan Janairu na 1853, bayan ya ƙetare Sahara a hannun 'yan ayari.

Ita kanta iyakar da ta raba Matameye da Daura, matsalar sadarwa na cikin abubuwan da suka tsara ta. Faransawa sun kama Zinder a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a can zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, amma yarjejeniyar da suka ƙulla da Ingila a 1898 ta bar wa Ingilishi ƙasar da ke cikin zagayen mil ɗari daga Sakkwato, abin da ya tilasta wa ayarin Faransawa bin hanyar da babu rijiyoyi idan za su tashi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 kafin Faransa ta sami hanya mai ruwa, sannan wata tawagar haɗin gwiwa, wadda Kyaftin Tilho ya jagoranci ɓangaren Faransa nata, ta bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 tana kafa alamun iyaka. Abin da Faransawa ke nema shi ne zaren da zai haɗa Dakar da tafkin Cadi ba tare da ya taka ƙasar Ingilishi ba, kuma a kan wannan zare suka jera barikokinsu da masaukan masu ɗaukar wasiƙa da turakun wayar tangaraho. Tangaraho ba ta ɗaukar murya. Ma'aikaci ne ke ƙwanƙwasa wani ɗan maɓalli, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da nasa, wani ma'aikacin a ɗaya bakin ya saurara ya mayar da shi rubutu. Ta rage tafiyar makonni zuwa ta sa'o'i, amma ga kumandan da alƙalin bariki da manyan kantunan Turawa. Rabon talaka a cikinta shi ne saran itace da dakon turaku da share hanya a ƙarƙashin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba a ƙasashen mallakar Faransa sai 1946.

Duk da haka, ƙasa ta fi ƙarfin taswira. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya mafi sauri tsakanin Zinder da Faransa ta zama ta Kano da Ikko, har Faransawan da kansu suka riƙa bi ta nan da mutanensu da kayansu da wasiƙunsu, kuma lokacin yaƙin Kawusan a Abzin, a 1916 da 1917, ta jirgin ƙasan Ingilishi aka kawo musu ɗaukin sojoji. Zinder ce hedikwatar ƙasar tun 1911, amma a 1926 aka mayar da ita Yamai, kuma kusancinta da Kano, da yadda tattalin arzikinta ya karkata kudu, na cikin dalilan da masana tarihi ke kawowa tare da ƙarancin ruwan sha. Daga wannan shekara Damagaram ta koma ƙarshen layi. Tsakanin 1940 da 1942, sa'ad da hukumar Nijar ke bin gwamnatin Vichy ta Faransa, Nijeriya kuma tana ɓangaren Ingila, an rufe iyakar a hukumance, sai dai hanyoyin ƙafa da na jakuna da ke ratsa gonaki ba su taɓa rufuwa ba.

Gidan waya ya fi tangaraho kusantar jama'a, amma shi ma da sharuɗɗansa. Kan sarki na farko mai sunan Nijar ya fito a 1921, an buga sunan ne a bisa tsofaffin kawunan sarki na wani yankin mallaka masu hoton mahayin raƙumi, sannan a 1926 aka fitar da na ƙasar na kanta, ɗaya daga cikinsu ɗauke da hoton barikin Zinder. Wanda zai aika wasiƙa sai ya sami mai rubuta masa adireshi da boko, kuma da yake ba a bin gida gida a raba wasiƙu, sai wanda za a aika wa ya kasance yana da akwati a gidan waya, ko ya ari na wani malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko mishan. Abin da ya fi jawo mutanen karkara shi ne manda, wato takardar aika kuɗi, inda mutum zai biya a wani gidan waya a ba ɗan'uwansa a wani, da kuma fanshon tsofaffin sojoji. Sauran saƙonni wata hanya suke bi, wadda gyaɗa ta raya. Ƙasar Matameye da Magarya na cikin wuraren da suka fi noma gyaɗa a Nijar, har aka kafa masana'antar matsar mai a Matameye, kuma da kaka manyan motoci ke jigilar buhuna zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. Mai saƙo yakan je wurin malamin zaure ya faɗa masa abin da yake so, malamin ya rubuta da ajami a fallen takarda da tawadar allo, a naɗe ta ƙanana, a rubuta sunan mai ita da unguwarsa a baya, a kai tasha a damƙa wa direba ko yaron mota tare da goro. Shi kuma idan ya isa ya ajiye ta wurin fatoma, wato maigidan da baƙin wannan ƙasa ke sauka gidansa, wanda ya san inda kowane ɗan ci-rani yake kwana. Babu kan sarki, babu rajista, amma akwai wanda za a tuhuma idan saƙo ya ɓata, kuma wannan shi ne abin da ya riƙe tsarin.

Rediyo ce na'ura ta farko da ba ta nemi mutum ya iya karatu ba, kuma ba ta san iyaka ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957, aka buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tashar Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma ta biyo baya a 1979. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramar rediyo mai batir, wadda ɗan ci-rani zai iya sayowa a Kano da kuɗin rani guda ya rataya a kafaɗa. Tashoshin nesa suna watsawa ne a gajeren zango, wato irin igiyar da ke tashi sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, shi ya sa London da Kaduna suke shiga ƙauyen da wayar hukuma ba ta taɓa zuwa ba. Rediyon Nijar dole ta raba lokacinta tsakanin Faransanci da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, ita kuwa Kaduna ta fi ba da ƙarfi ga Hausa, da waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da tafsirin azumi, da shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka. A nan gidan waya ya sami sababbin abokan hulɗa, domin masu sauraro sun dinga aika katin gaisuwa da wasiƙun tambaya zuwa waɗannan tashoshi, suna jiran ranar da za a ambaci sunansu da na garinsu. Gwamnatin Diori Hamani ta san inda kunnen mutanen gabas yake, kuma abin bai kwanta mata ba, musamman da yake jam'iyyar Sawaba, wadda aka haramta a 1959, tana da magoya baya a Damagaram da mafaka a Kano, har mayaƙanta suka kutso ta kan iyakar kudu a 1964.

A wannan yanayi ne aka yi gwajin da ya fi kowane cancantar a tuna da shi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, kuma a daidai wannan lokaci gwamnati, da taimakon wata cibiyar Faransa mai suna IRAM, ta soma shirin rayar da karkara, wanda ƙasar Matameye na cikin wuraren farko da aka fara shi. A shirin rayar da karkara, kowane ƙauye ne ke zaɓen mutanensa, a kai su horo na 'yan kwanaki kan iri da auna gyaɗa da tsabtar rijiya da kafa ƙungiyar manoma, su dawo su zama bakin ƙauyen a wurin hukuma. Kulob na rediyo kuwa tsarinsa shi ne a zaɓi batu guda, a ba wani jagora, galibi malamin makaranta, rediyo da na'urar ɗaukar murya; da dare bayan sallar isha'i jama'a su taru a dandali, a ɗora rediyon a bisa turmi ko kujera, a saurari shirin, sannan a kashe a buɗe muhawara, jagoran yana miƙa makirufo ga dattijo da saurayi. Faifan da ya cika sai a aika Yamai, a tsinto muryoyi daga sassan ƙasa a haɗa shiri na gaba. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yakan ji muryarsa ko ta maƙwabcinsa ta fito daga akwatin da ya saba jin shugaban ƙasa a ciki, yana kukan ma'aunin 'yan baranda ko tsadar haraji. Ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka shekara sittin saƙo na gangarowa daga sama kawai. Amma gwajin yana da iyakarsa, domin a Yamai ake tace faifan, ƙasar kuma tana hannun jam'iyya guda, don haka kukan da ya taɓa sarakunan kanto ko jami'an jam'iyya ba kasafai yake kai wa ga iska ba. Da farin shekarun 1970 ya durƙusar da gyaɗa, kuɗin tafiyar da irin waɗannan shirye-shirye ya ja baya, ƙarfin kulob ɗin ma ya ragu.

An haɗa rediyo da talabijin a ƙarƙashin hukumar ORTN a 1967, aka sauya wa rediyon suna zuwa Muryar Sahel a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Talabijin ta fara ne a 1964 a matsayin kayan koyarwa a wasu azuzuwan firamare, ta zama tashar ƙasa mai suna Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma rarraba akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa, inda matasan ƙungiyar Samariya ke kula da su. Abin da ya fi tara jama'a a gabansu shi ne kokawar gargajiya da wasan kwaikwayo na Hausa, wanda Zinder ta yi suna a kansa ta hannun ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo. Amma kaset ya fi talabijin shiga gidaje. Da shi wa'azin malaman Kano da Zariya da waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram suka zaga kasuwannin ƙauye, da shi kuma ɗan ci-rani ya sami hanyar yin magana da mahaifiyarsa ba tare da wani malami ya shiga tsakani ya ji sirrinsu ba: ya ɗauki muryarsa, ya ba mai tafiya gida, a kunna a tsakar gida, a mayar masa da amsa a bayan kaset ɗin. Daga 1990, da finafinan Kano suka fara fitowa a kaset na bidiyo, titin Ɗan Barto ya zama ɗaya daga ƙofofin shigarsu Nijar.

Babban taron ƙasa na 1991 ya karya kakagidan da gwamnati ta yi a kan iska. Tashoshi masu zaman kansu sun fara a Yamai daga 1994, Rediyo Anfani ta buɗe reshe a Zinder, kuma irin waɗannan tashoshi suka riƙa karɓo shirye-shiryen Hausa na ƙetare suna sake watsawa a zangon FM, wanda ba ya nisa amma muryarsa garau take. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma ta farko a Bankilare, can yammacin ƙasar, mai aiki da hasken rana, kuma cikin 'yan shekaru irinta suka bazu a gundumomi, har da na kudancin Damagaram. Rediyon al'umma tasha ce ƙarama da ƙungiyar mutanen gari ke mallaka, wadda muryarta ba ta wuce 'yan gomiyoyin kilomita, kuma abin da ke riƙe ta shi ne sanarwa: rasuwa, ɗaurin aure, suna, cigiyar saniya ko yaron da ya ɓata, ranar allurar rigakafi. Aikin mai shela ne ya koma cikin ɗaki mai eriya, kuma ba mamaki da mutane suka karɓe ta hannu biyu, tun da harshenta nasu ne kuma sun san mai maganar da iyayensa.

Wayar tarho ta gida ba ta taɓa zama ta talaka ba. A wajen shekarar 2000 layukan da ke ƙasar baki ɗaya ba su wuce kimanin biyu ga kowane mutum dubu ba, mafi yawansu a Yamai, kuma a gari irin Matameye sai a ofisoshin hukuma da gidan waya da gidajen 'yan kasuwa ƙalilan. A 1997 aka raba tsohuwar hukumar wasiƙu da wayoyi gida biyu, SONITEL ta ɗauki waya, wata hukumar ta ɗauki wasiƙu da asusun ajiya, wadda daga baya ta zama Niger Poste. Aka sayar da kaso mafi girma na SONITEL ga wasu kamfanonin Sin da Libiya a 2001, gwamnati ta sake karɓe ta, sannan a 2016 aka haɗe ta da kamfanin SahelCom aka sami Niger Telecom. Waɗannan sauye-sauye ba su canza rayuwar ƙauye ba. Abin da ya canza ta shi ne wayar salula, wadda kamfanin Celtel ya fara a 2001, shekarar da ita ma Nijeriya ta buɗe nata layukan. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Telecel ta zama Moov, Orange kuma da ta shigo a 2008 ta sayar da reshenta a 2019 ya zama Zamani Telecom.

Amfanin salula ga kasuwa an auna shi a Nijar fiye da yawancin ƙasashe. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar a shekarun da layukan ke bazuwa, daga 2001 zuwa 2006, kuma binciken da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa bambancin farashi tsakanin kasuwannin da suka sami layi ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, raguwar ta fi yawa inda kasuwanni ke nesa da juna kuma hanya ba ta da kyau. Dalilin a fili yake. Da can ɗan kasuwa sai ya biya kuɗin mota ya kwana a hanya kafin ya san nawa tiyar gero take a wani gari, yanzu kuwa kira guda ya ishe shi. Ga mai raken fadamun Korama, wanda kayansa ba sa jure jira bayan an sare su, sanin ko akwai mota da mai saye kafin a sa adda shi ne bambancin riba da asara. A bakin iyaka kuma akwai ƙarin lissafi, domin ana ciniki da sefa da naira, kuma canjin safe ba lalle ya kai yamma ba, shi ya sa mai kai dabbobi ko wake kasuwar Mai'aduwa yakan riƙe layi biyu a waya guda, na Nijar da na Nijeriya, ya sauya gwargwadon wanda zai kira, tun da kiran Daura da layin Nijar kira ne na ƙasa da ƙasa komai kusancinta. Sana'o'i sun tsiro a gindin wannan na'ura. A tasha da bakin kasuwa akwai rumfar mai caji, da faifan hasken rana a kan rufi ko ƙaramin janareto a gefe, da katako mai jerin soket, kowace waya da lamba manne a bayanta, mai ita kuma riƙe da ɗan guntun kwali mai irin lambar. Kusa da shi mai sayar da kuɗin kira, da mai gyara, da mai kwamfuta da ke tura wa mutane finafinai da wa'azi da waƙoƙi a katin waya.

Gidan waya ne ya fi jin jiki. Manda, wadda ita ce ta riƙe shi, ta koma hannun kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana, waɗanda ke da rassa har ƙananan garuruwa, inda mai aikawa zai biya ya kira ɗan'uwansa ya faɗa masa lambar karɓa, kuɗi su fita cikin mintoci. Bukatar wannan ta yi yawa a gundumar Kance, wadda ke cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a da ƙarancin gona a Nijar, inda ci-rani ya daina tsayawa a Kano da Ikko ya miƙa arewa zuwa Agadas da Libiya da Aljeriya, har mata da yara suka shiga cikinsa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da ƙananan yara, a hamadar da ke tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, kuma da yawansu daga wannan yanki suka fito. Sun mutu da ƙishirwa a wurin da babu layin da za a nemi ɗauki, labarin kuma ya iso gida ta rediyo da waya. Iyalan da ke da mutane a waɗannan wurare su ne suka fi kowa riƙo da saƙon murya na WhatsApp tun da wayoyi masu intanet suka yi araha, domin a ƙasar da kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manya ke iya karatu da rubutu, danna maɓalli a yi magana ya fi rubutaccen saƙo sauƙi, kuma ana iya ajiye shi har sai an sami wurin da layi ke kamawa.

Ƙarƙashin duk wannan akwai kayan aikin da ba a Matameye ake riƙe da su ba. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta yana shigowa ne ta wayar gilashi, wato siririn zaren da ke ɗaukar bayanai da haske, daga igiyoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a ƙasashen gaɓa. Da wasu daga cikinsu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris na 2024, Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Babban aikin wayar gilashi ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya ƙunshi reshen da ya tashi daga Zinder ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya, wato hukuma ta dawo tana shimfiɗa layi a kan hanyar kudu da fatake suka bi. Wutar lantarkin da turakun salula da masu caji ke bukata a Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Katsina ta Gazawa, kuma da Nijeriya ta yanke ta tare da rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, an ga yadda rikicin manyan birane ke kashe waya a ƙauye. Hannun hukuma ma yana kan maɓalli: an katse intanet na salula kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairu na 2021, an dakatar da rediyon Faransa RFI a Agusta na 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024, ko da yake dakatarwar ta fi shafar tashoshin FM da ke karɓo shirye-shiryen, ba ta hana wanda ke kusa da iyaka kamo tashoshin Katsina da Kano ba.

A watan Nuwamba na 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka amince da soke ƙarin kuɗin da ake caza idan mutum ya shiga ɗaya ƙasar da layinsa, abin da ke da amfani ga mutanen yamma, amma bai taɓa kiran da mutumin Matameye ya fi yi ba, wato na Daura da Kano. A 2025 aka buɗe wa Starlink, mai kawo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan Adam, damar aiki a ƙasar, sai dai farashin na'urarsa ya fi dacewa da ofisoshi da masu sayar da intanet ga jama'a a unguwa. A watan Maris na shekarar kuma sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Har yanzu dai rubutattun saƙonnin da kamfanonin waya ke turowa, da jerin zaɓin da ake bi a sayi kuɗin intanet ko a duba saura, da takardun rajistar layi, da Faransanci suke zuwa, shi ya sa aikin da malamin zaure ke yi a da ya koma hannun mai rumfar caji da ɗan makaranta, waɗanda ake miƙa wa waya su karanta su fassara.